'Yar sarkin da ta nufi Borno ba ta iso ba

Malama Rabi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da aka ɗauko maganar Barth, Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, sai mazan Turawa ake ta ambato. To ga mace, ku ba ni hankalinku. Sunanta Alexine Tinne, 'yar ƙasar Holan, an haife ta a birnin Hague a 1835. Ubanta attajiri ne na gaske, uwarta kuwa 'yar gidan sarauta ce, ɗiyar wani babban hafsan sojan ruwa. Uban ya rasu a 1844 ba ta cika shekara goma ba, ya bar mata gadon da ya sa ake lissafa ta cikin 'yan matan da suka fi kowa dukiya a ƙasar. Abin da ake jira daga irinta sananne ne: ta auri ɗan babban gida, ta haihu, ta zauna tana karɓar baƙi a falo. Har ta mutu ba ta yi aure ba.

A 1862 ita da uwarta da ƙanwar uwarta suka tashi daga Alƙahira, suka ratsa hamadar Nubiya a kan raƙuma, suka isa Khartum, suka yi hayar jirgin ruwa mai tururi suka bi Farin Nilu har Gondokoro, kusa da inda Juba take a yau. A farkon 1869 ta fita daga Tarabulus da ayarinta, da niyyar ta ratsa Sahara ta sauka Borno, daga nan ta yi gabas ta Wadai da Darfur ta koma Nilu. Ranar 1 ga Agusta 1869 aka kashe ta tsakanin Murzuk da Gat, a kudancin Libiya ta yau, tana da shekara 33. Ba a ga gawarta ba har yau.

Da ta iso Kukawa, da yanzu yaranmu na haddace sunanta a makaranta. Ni dai a wurina jaruma ce. Mai ja ya ja.

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam. Ni na ja, Malama. Jarumta daban, taurin kai daban. Yarinyar da Allah ya rufa wa asiri, ga gida, ga dukiya, ga uwa a raye, me ta rasa da za ta je nema cikin rairayi? Fatake suna ratsa hamada don abin kai wa iyali, alhazai don sauke farali. Ita fa? Kuma kin tsallake labarin uwar. Ki gaya wa jama'a inda tsohuwar ta ƙare.

Malama Rabi:
Ban ɓoye ba Alhaji, gudun tsawaitawa ne. A Fabrairun 1863 suka sake fita daga Khartum, wannan karon zuwa Bahar Gazal, ƙasar fadama da sauro. Akwai masana biyu Jamusawa tare da su, Heuglin mai binciken tsuntsaye da Steudner mai binciken tsirrai. Damina ta tare su a can, 'yan dako suka yi wuya, hatsi ya yi tsada, suka maƙale wata da watanni. Steudner ya mutu a Afrilu. Uwarta ta rasu a Yuli da zazzaɓi, tana da shekara sittin da 'yan kai. Hadimai mata biyu da suka taho da su daga Holan su ma suka bi. Da ta dawo Khartum a 1864, ba a jima ba ƙanwar uwar da aka bari a can ita ma ta cika. Mata biyar suka bar gida, ita kaɗai ta rage. Ɗan ubanta ya taso daga Liverpool har Alƙahira don ya mayar da ita, ta ce ba inda za ta. Ba ta sake taka Holan ba.

Alhaji Tanko:
To kun ji da kunnenku. Mutum huɗu na gidansu. Wannan ba ya ishi mai hankali wa'azi? Sai kuma ta sake ɗaura wa raƙumi sirdi.

Maman Ihsan:
Haba Alhaji, tsohuwar nan ɗaure ta aka yi aka jefa jirgi? Mace mai shekara sittin da wani abu, gwauruwa, mai kuɗinta, ai da ƙafarta ta bi 'yarta, har tana rubuta abin da suke gani kullum a littafi. Sannan shi Barth ɗin da kuke ta yabo, su uku suka fito daga Tarabulus a 1850. Richardson ya mutu a 1851 kafin ya kai Kukawa, Overweg ya mutu a 1852 a bakin Tafkin Chadi. Ban ji wanda ya ce Barth ya kashe abokansa ba, ko ya ce me ya sa bai koma gida ba. Shi ya ci gaba an ce juriya, ita ta ci gaba an ce taurin kai.

Alhaji Tanko:
Barth gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, aiki yake. Wannan yawon ganin ido ne na mai kuɗi.

Nafisa:
Baba Alhaji, a kan kuɗin ina bayanka, amma ba ta inda ka ɗauko ba. Ina karatu a Holan, kuma na sha bi ta titin Lange Voorhout inda gidansu yake, titi mai layin bishiyoyi, gidajen manya ne gefe da gefe. Su suna alfahari da ita, musamman don tana cikin matan farko da suka ɗauki hoto a ƙasar, hotunan Hague da ta ɗauka wajen 1860 suna nan har yanzu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda dukiyar ta fito. Ubanta ya yi zama a Demerara, wato Guyana ta yau, sannan ya zama ɗaya daga masu kamfanin Sandbach, Tinne & Co. na Liverpool, masu cinikin sukari da kofi da auduga daga gonakin da bayi 'yan Afirka suke nomawa. Da Ingila ta soke bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya, ba don bayin ba, don iyayengijinsu, kuma masu wannan kamfani sun karɓi rabonsu.

Saboda haka Anti Rabi, 'yancin da kike yabo saye aka yi, kuma da gumin wasu aka biya. 'Yar talaka a Hague a 1862 ba ta isa ta ce ba ta aure, za ta Khartum ba. Masu yi mata hidimar nan biyu da suka mutu a fadama, su wa ya tambaye su ko suna sha'awar ganin mafarin kogi?

Malama Rabi:
Nafisa, ba na musun asalin dukiyar, amma ɗa ba ya zaɓen gadonsa. A duba me ta yi da ita. Cinikin bayin da ta gani da idonta a Farin Nilu ya tayar mata da hankali, ta fito fili ta soke shi, 'yan kasuwar Khartum suka tsane ta. Gidanta na Alƙahira, da na Aljiyas daga baya, cike yake da mutanen da ta ɗauko daga Sudan, da yawansu 'yantattu ne, maza da mata da yara, tana ciyar da su. Turawan Alƙahira ma ganin mahaukaciya suke mata, don ta ajiye tufafinsu ta koma na Larabawa, ta zauna a tsohon gari nesa da unguwarsu.

Nafisa:
Haka ne Anti. Amma a Bahar Gazal a lokacin babu mai motsi sai da ikon masu zariba, wato sansanonin 'yan kasuwar hauren giwa da bayi. Duk wanda yake son ɗaruruwan 'yan dako da hatsin ciyar da su, a hannunsu zai samu, su kuma daga ƙauyuka suke ƙwatowa. Da ayarin nata ƙarami ne da ba ta buƙace su haka ba. Ta ƙi bauta da zuciya ɗaya, na yarda, amma yawan kayanta ya sa ta ci daga hannun masu yin ta.

Malam Habu:
Jama'a, kafin a yi nisa. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa bai halatta ga macen da ta yi imani da Allah da ranar lahira ta yi tafiyar yini da dare ba sai da muharrami. Ita wannan ba Musulma ba ce, ba zan auna ta da ma'aunin da ba ta shiga ba. Tsorona shi ne akwai 'yan mata a zauren nan, kada a ƙawata musu abin har su ɗauka fita ba uba ba miji shi ne wayewa.

Hajiya Bilki:
Allah ya gafarta Malam, ai a Bukharin ne kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa zai ga mace ta taso daga Hira ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah. Kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda mace ta tafi hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Mu a Sakkwato ba sai an je Turai aka samo mana misali ba. Nana Asma'u ta rasu a 1864, zamani ɗaya suka yi da wannan Baturiya. Jajojinta, da malfarsu a ka, su suke jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka su zo wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar. Tafiya ce a ƙafa, ta daji, kuma mata ne zalla.

Malam Habu:
Na yarda da abin da kika kawo Hajiya, amma ki lura da sharaɗin: aminci, da kuma manufa ta shari'a. Jajojin Nana dattijai ne, 'yan taru kuwa yawanci tsofaffi ne da yara mata, ba a cika fitar da matan aure masu ƙuruciya ba. Tsari ne, ba kowa ta ɗauki jaka ba.

Usman Maiurno:
Gaisuwa daga Sudan. Ni dariya abin yake ba ni in na ji ana mamakin mace ta ratsa hamada. Hanyar da wannan Baturiya ta so bi, Borno, Wadai, Darfur, Nilu, ai hanyar alhazanmu ce. Garinmu da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, kuma akwai matan gidan sarauta a cikinsu, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gida ba kafin ranar. Kakata ta wajen uwa daga baya ta zo, tana yarinya, a ƙafa da jaki ɗaya. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, ko mata su soya ƙosai su sayar, a tara a yi gaba. Wasu shekaru suke yi kafin su ga Sawakin, wasu a hanya suke haihuwa, wasu a hanya ake binne su. Tana ba mu labarin yadda uwarta take ɗinke 'yan kuɗinsu a cikin gammo, ta ɗora tukunya a kai, don ɓarawo ba ya duba ƙarƙashin tukunya. Babu wanda ya rubuta sunayensu. Bambancin kenan.

Malama Rabi:
Usman, wallahi wannan ya fi ƙarfin sharhi a zaure, ka zauna da dattawan da suka rage ka naɗi muryarsu. Amma kasancewar ba a rubuta namu ba bai rage wa waccan komai ba.

Ilyasu Agadas:
Ku ba ni wuri, an zo fagenmu. Kakana madugu ne a hanyar Bilma, ni ma na bi ayarin gishiri ina saurayi. Ana ta gardamar mace ko namiji, ni kuwa ban ga inda zamanta mace ya kashe ta ba. Matan Tubawa har yau suna fita da raƙumansu, su da yaransu, ba namiji babba ko ɗaya, su ratsa rairayi zuwa Kawar ɗibar dabino su dawo. A wurin Abzinawa kuma mace ke da tanti, namiji ne ma yake rufe fuska. Ganin mace tana ba da umarni ba baƙon abu ne a can ba.

Abin da madugu yake fara dubawa shi ne nauyin kaya da yawan baki. Duk mutumin da ka ƙara, salka ka ƙara. Duk salkar da ka ƙara, raƙumi ka ƙara, shi kuma raƙumin sai an ɗora ciyawar da zai ci, don akwai inda za ka yi kwanaki ba ka ga tsinke ba. Ruwan salka kuwa wanda bai saba ba da ƙyar yake haɗiya, warin jima ne da ɗanɗanon fata, wani lokaci har da gashi a ciki, amma yana da sanyi saboda fatar tana naso iska na bugawa. Illarta tana ragewa a hanya, ƙaya kuma tana iya huda ta. Ita sai ta taho da tankunan ƙarfe na ruwa. A lissafinta dabara ce, babu naso babu huji. Amma ka tsaya a matsayin mutumin da bai taɓa ganin an kulle ruwa cikin ƙarfe ba. Wa zai wahalar da raƙumi da akwatin ƙarfe mai nauyin nan in ba zinariya ce a ciki ba? Ga shi tun daga Tarabulus ana kiranta 'yar sarki, ana ganin yadda take kyauta, ana ƙirga raƙuma da bayin gidanta. A hamada labari ya fi raƙumi sauri, kowace rijiya ta isa an riga an ji.

Na biyu kuma amana. Ba ka shiga ƙasar mutane sai a inuwar wani babba. Ita ta samu inuwar Ikhenukhen, shugaban Abzinawan Kel Ajjer na wajen Gat, kuma ku lura waɗannan ba mutanenmu na Ayar ba ne, ƙungiya ce daban. Shi ne ya riƙe Bafaranshen nan mai yawon bincike, Duveyrier, amana shekaru kaɗan kafin nan, ya mayar da shi lafiya, kuma rubutun Duveyrier ne ya sa ta ƙwallafa rai a kan ganinsu. Sun gana, ya yi mata alkawari, amma ya yi gaba bai tafi tare da ita ba. Nan gizo ke saƙar. Kakana yana cewa inuwar da ba ta tare da kai a zango ba inuwa ba ce.

Maman Ihsan:
Ilyasu, to ya aka yi a ranar?

Ilyasu Agadas:
Da safe ne, lokacin ɗaurin kaya. Wanda ya san ayari ya san wannan sa'a, raƙuma na gurnani, kowa na jan igiya, ba a rasa cacar baki a kan wa ya ɗora wa nasa kaya fiye da na wani. Rigima ta tashi tsakanin masu raƙuma. Tana da matuƙan jirgin ruwa biyu 'yan ƙasarsu a cikin ayarin, suka shiga, aka kashe su. Ita ta fito don ta tsawatar. Bisa shaidar da aka bayar a shari'ar Tarabulus, sara biyu aka yi mata da takobi, ɗaya a wuya ɗaya a hannu, ta faɗi, aka bar ta jini na zuba har rai ya yi halinsa. Aka wawashe kayan. Tankunan kuwa ruwa ne a ciki.

Maman Ihsan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mace ita kaɗai cikin rana.

Likita Zainab:
Bari in ƙara wani abu ta fannina, don Alhaji ya ce ta kai uwarta ga halaka kamar ta san abin da ke can. A 1863 babu likita a duniya da ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin. Sai 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a jini, a Aljeriya, sai 1897 Ross ya tabbatar da hannun sauro. Suna da kwinin, amma zato suke mugunyar iskar fadama ce. Murzuk ɗin ma da take tsakiyar hamada ta yi ƙaurin suna da zazzaɓi saboda tafkunan gishirin da ke kewaye da ita, kuma ita kanta ta kwanta ciwo a can kafin ta fita. Wato ta hau hanyar Gat, kusan kilomita 400, ba da cikakken ƙarfi ba. Wannan kam a wurina ganganci ne, ko mace ko namiji.

Baba Modu:
'Ya'yana, tunda Borno ta nufa bari mai gari ya ce wani abu. A Murzuk ta haɗu da Nachtigal, likita Bajamushe, wanda yake ɗauke da kyaututtukan sarkin Furusiya ta ƙasar Jamus zuwa wurin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu a Kukawa. Sun shirya su bi hanyar Borno tare, ta Kawar da Bilma, amma sai an jira babban ayari ya haɗu, don ba a bin hanyar nan da mutane kaɗan. Kafin lokacin sai kowa ya ce bari ya ɗan zaga. Shi ya yi Tibesti wurin Tubawa, ita ta yi wajen Gat. Kowa a Murzuk gani yake tasa tafiyar ce mai haɗari. Ya dawo da ƙyar, a tsumma, yunwa da ƙishi sun kusa gama shi, ita da ta tafi da alkawarin babban mutum ita ce ba ta dawo ba. Shi ya isa Kukawa a 1870, daga baya ya bi Wadai da Darfur ya fita Khartum a 1874. Hanyar da ta zana wa kanta kenan, ba ƙari ba ragi.

Kuma kada a ce don mace ce aka raina ta. Laing an kashe shi kusa da Timbuktu a 1826, Vogel a Wadai a 1856, Beurmann a Kanem a 1863. A 1881 Abzinawan Kel Ahaggar suka gama da hafsan sojan Faransa Flatters da rundunarsa, da bindigoginsu. Duk maza ne.

Alhaji Tanko:
Baba Modu, ai hujjata ka ƙarfafa. Maza ma ba su sha ba, ita me ya kai ta?

Maman Ihsan:
Alhaji, ba 'yarka ce aka yi wa addu'a a zauren nan bara ba, da za ta tafi karatun likita Alƙahira? Wa ya raka ta?

Alhaji Tanko:
Wannan daban, Maman Ihsan. Jirgi ne na 'yan sa'o'i, yayanta ya kai ta har ɗakin kwana, kuma ilimi ta je nema.

Malama Rabi:
Ita ma waccan ba hannu sake ta dawo ba, Alhaji. Tsirran da aka tattaro a tafiyar Bahar Gazal an buga littafi guda a kansu a Vienna a 1867, har akwai jinsin tsiro da masana suke kira Tinnea da sunan gidansu. Bayanan ƙasar da Heuglin ya kawo, da kuɗinta da jiragenta aka samo su. Sunan namiji ne a bangon littafi, aljihun mace ne ya biya.

Kuma ba ita ce farau ba. Lady Hester Stanhope, 'yar 'yar'uwar firaministan Ingila William Pitt, ta riƙe masa gida har ya rasu a 1806. A 1810 ta bar Ingila, jirginsu ya nutse kusa da tsibirin Rhodes da kayanta duka, ta sa tufafin maza na Turkawa ba ta sake cirewa ba. A 1813 ta ratsa hamadar Sham ta shiga Palmyra da rakiyar Badawiyawa. Ta mutu a 1839 a wani ƙauye a tsaunukan Labanan, bashi ya yi mata katutu.

Nafisa:
Anti, kin ga ita ma gwamnati ce take ba ta fam 1,200 duk shekara saboda kawunta. Kullum dai maganar tana komawa aljihu. Wani abin mamaki kuma, kakan Alexine na wajen uwa, Van Capellen, shi ya jagoranci jiragen yaƙin Holan da suka taya Ingila ruwan wuta a kan Aljiyas a 1816, don a saki Turawan da aka bautar a can. Shekara hamsin bayan nan jikarsa tana zaune a garin cikin tufafin Larabawa, da kuɗin sukarin Demerara.

Hajiya Bilki:
Ni dai abin da ya tsaya min a rai, bayan mutuwar uwar ba ta da wanda take jin nauyinsa. Ƙin komawa gidan nan ban ɗauke shi tawaye ba. Wace fuska za ta kai wa dangi, ta fita da uwa da inna ta dawo da akwatin gawa? Ina ganin kunya da baƙin ciki sun fi son yawo ƙarfi a abin da ya biyo baya. Allah dai shi ya san zuciya.

Usman Maiurno:
Ilyasu, tambaya. Shi Ikhenukhen da hannunsa a ciki, ko shi ma cin amanarsa aka yi? Kuma an hukunta wani?

Ilyasu Agadas:
Magana biyu ce. Ta farko ita ce ta kwaɗayin dukiya da na faɗa. Ta biyu daga wani Bajamushe ta fito, Erwin von Bary, wanda ya je yankin bayan 'yan shekaru, ya kuma mutu a Gat a 1877. Abin da ya jiyo shi ne rikicin cikin gida ne na Kel Ajjer, masu adawa da Ikhenukhen suka kashe baƙuwarsa don su nuna wa duniya cewa inuwarsa ba ta kare kowa. Ni wannan ta fi kama hankalina, don madugu ko shugaba jarinsa kenan, a ce wanda ya shiga hannunsa ya fita lafiya. Fataken Gadamas da suke bi ta Gat zuwa Kano da shi suke lissafi, kuma a kan wannan ake biyan kuɗin hanya. Ka kashe masa baƙo ka karya masa kasuwa. Ba abin da ya hana biyun haɗuwa, wasu don siyasa, wasu don ganima.

Hukunci kuwa, an yi zaman shari'a a Tarabulus daga ƙarshen 1869 zuwa farkon 1870, an saurari mutanenta da suka tsira. Amma ikon Turkawa a lokacin a Fezzan, yankin da Murzuk take, ya tsaya, bai kai Gat ba. Sai a 1875 suka ajiye sojoji a garin.